Fitilar da ta tsayar da jif a Safana

Jama'a, yau wata 'yar fitila ta kusa sa ƙanwata haihuwa a bakin titi!

Naƙuda ta kama ƙanwar tawa, Hinde, tun safe a Zakka. Muka aro jif ɗin wani Alhaji, Sale direba ya ja mu zuwa asibitin Batsari. Kun san yashin rafin nan, sai da ya rage iskar tayoyi muka haye. Muna shiga Safana sai fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, siffarta kamar tukunya. Sale ya taka birki.

"Inna, ba inda za ni. Inji zai buga, kuma motar aro ce."

Na ce, "Kai Sale, wa ke bin hanyar Batsari bayan la'asar a wannan zamani?"

Tunda dama an rage iska, na kira wani mai faci a bakin titi. Ya buga iska, yana dungurin taya da ƙafa, wai ta yi. Fitila ko gezau! Hinde na ta salati a baya.

Na zaro littafin motar daga aljihun gaba. Turanci ne, amma ga hoton tukunyar! Na bi da yatsa, harafi harafi. Ashe fitilar iskar taya ce, kuma lambar iskar da ake so na manne a jikin ƙofar direba.

Na ce, "Malam, ajiye ƙafarka, ɗauko gejin awon iska."

Ya daidaita duka huɗun. Na sa Sale ya danne maɓallin ƙarƙashin sitiyari. Fitila ta ƙifta sau uku, ta mutu!

Da azahar muna asibiti. Namiji ne, kowa lafiya!

Sale ya ce, "Inna, ina kika koyi kanikanci?"

Na ce, "A ajin yaƙi da jahilcin da ka ce muna ɓarnar alli."