Sosej ɗin Kakata

Jiya na wuce wata rumfa ana soya sosej, ƙamshin ya tsayar da ni cak. Ya mayar da ni filat ɗinmu na unguwar Al Qusais, can ƙasar Larabawa, lokacin da Baba yake aika kaya Kano. Shekarata tara ko goma, ba zan rantse ba.

A makaranta kusan kowa da hotdok yake zuwa, jan sosej a cikin dogon burodi. Ni kuwa dambu nake buɗewa, ina kare kwanon da hannu. Sai malama ta ce ranar Alhamis za a ci abinci tare, ta raba wa kowa abin da zai kawo. Sosej ya faɗo kaina. Kunya ta hana ni cewa ba a cinsa a gidanmu.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ke riƙe da girki, kuma ba ta yarda da naman da ba ta ga siffarsa ba. Baba ya nuna mata tambarin halal a jikin leda. Ta jujjuya ta, ta ce, "Ina ƙashinsa? Wa ya ga yankansa?"

"Hajiya, khalas, ya isa haka, duk garin nan shi ake ci."

"Duk garin ba jikokina ba ne."

Na shige banɗaki na yi kukana.

Laraba da la'asar, cikin zafin nan mai ɗanko, ta sa Baba ya kai ta wajen mahauta. Ta dawo da tsoka da hanjin rago. Ta wanke hanjin da gishiri da lemon tsami, ta daddatsa naman da wuƙa, ta barbaɗa yajin da ta taho da shi daga gida. Bakin gorar ruwa ta yanke, da shi ta ɗura naman cikin hanjin. Na farko ya fashe a kasko, mai ya fallatsar mata a hannu. Ta ɗauko allurar ɗinki ta huhhuda sauran.

Sun fito baƙi-baƙi, a karkace. Ta ce, "Maigida, in 'yan ajinku sun yi maka dariya, ka dawo min da abina."

Sun yi dariyar, ba zan ɓoye maka ba. Amma ina ganin ba ta daɗe ba, don can sai ga su suna fifita baki, suna miƙo hannu. Da na dawo ta leƙa kwanon ta ce, "Ko ɗaya ba ka rage wa matarka ba?"

Yanzu na gama jami'a. Kafin in sayi sosej sai na karanta bayan ledar sau biyu, wani lokacin ma in mayar. Ita Kakata ba ta taɓa karanta leda ba. Tabon man nan yana bayan hannunta har ta rasu, Allah ya jiƙanta, kuma ban tuna na taɓa ce mata sannu ba.