Ranar da Yaya ya buga wa kwamfuta kiki

Kwamfutar shagona a Sabon Birni ta fi tsohon raƙumi nawar tashi. In ka danna mata, fanka za ta fara huci, ta yi ƙara ɗit sau guda, fararen rubutu su bi baƙin gilashi tana lissafin kayan cikinta. Sai ta laluba faifan ajiya, ta jawo babbar manhajar da ke tuƙa komai. Kafin nan mutum ya tafi garin Isa a ƙasa ya dawo.

Hoton marigayiya Inna, wanda babu wani sai shi, yana cikinta. Yayana ɗan kabu-kabu ya zo ganinsa ranar da zai kwashe iyalinsa zuwa Nijar, bayan 'yan bindiga sun ƙone rumbunanmu na Tsamaye. Jiyan ranar janareto ya mutu kwamfutar tana tsakiyar aiki, don haka ta tsaya duba faifanta, abin da ba a katse mata.

"Mi taka jira?" in ji shi.

"Bincike takai, Yaya. A yi haƙuri."

"Babur ɗina in ya yi hakanga, kiki nika ba shi."

Ya ɗaga ƙafa ya narka wa akwatin kwamfutar dundunniya. Akwatin ya yi tsalle, ni ma na yi. Da ya sake ɗagawa na rungumi ƙafar, muka zube kan benci, bencin ya rabe biyu. Ya sakar mini gwiwar hannu a baki, haƙorina ya fita ta ƙofa, ina jin har yau yana hanyar Bafarawa. Na rarumi allon madannai na fasa masa a ƙeya, haruffa suka watse kamar an sheƙe gero. Ya shaƙe ni har na fara ganin baƙin gilashi da fararen rubutu a idona.

"Kai za ka buge ni? Ni na goye ka!"

"Za ni ƙara in ka taɓa ta," na ce, jini na bin gemuna.

Muna birgima a ƙasa injin ya gama bincikensa, ya yi ɗan kiɗansa na buɗewa. Na rarrafa na buɗe hoton da hannu mai jini.

Yaya ya zauna kan ɓarin benci, ƙeyarsa na tsiyaya, ya daɗe yana kallo.

"Ashe da wanga zane anka ɗauke ta," ya ce. "Hiddo mini guda in tahi da shi."