Ranar da Kakata Ta Kashe Tsawa da Madara

Ko zan manta komai na karatun jami'a, ba zan manta ranar da kakata ta yi wa aikina na kammala digiri wanka da madara ba.

Aikin wata 'yar na'ura ce mai haɗa haidurojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a kemis. Manyan masana'antu sai sun ƙona makamashi mai yawa kafin su samar da shi, su kuma bar dattin sinadarai. Tawa kuwa ruwa da iska da wutar sola kawai take ci. Cikin wani bututun gilashi wuta ke tartsatsi, shuɗiya-shuɗiya, ita ce ake kira filasma. Na taho da ita gida Haɗeja in ƙarasa gwaji. In ta lalace kafin malamai su duba, shekara guda zan maimaita.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗo ta wajen kogi, ana ta cida. Na duƙufa a kan na'urar, kaka ta zo wucewa da ƙwaryar madarar da aka tatso mata. A wurin mutanenmu masu shanu, in tsawa ta faɗi, ɗanyar madara ce ke kashe ta.

Sai na ji ta ce, "Innalillahi! Tsawa ta shigo ɗaki!"

Tsohuwar da ba ta tashi sai da sanda, wallahi ban san lokacin da ta hankaɗe ni gefe ba. Ta tsaya tsakanina da wutar, ta juye ƙwaryar kaf. Na'ura ta yi fat, ɗaki ya ɗau ƙauri.

"Kaka, kin kashe ni!"

"Yi ta ihunka, maigida," in ji ta, don haka take tsokanata. "Ya fi mini takaba da tsufana."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ta riga ni magana. A ranar ta gaya mini yadda tsawa ta faɗa wa yayanta suna kiwo a fadamar Guri, tana 'yar yarinya. "Ga shanu cike da nono," ta ce, "amma kafin in tatso ya cika."

Sai na fasa faɗan.

Na wanke na'urar, na shanya, mai gyaran rediyo a kasuwa ya canza abin da ya ƙone. Da ƙyar ta tashi, kuma na ci jarrabawa. Na yi wa kaka bayani har ta ce ta yarda ba tsawa ba ce. Amma duk ranar da na kunna, sai ta zo bakin ƙofa ta zauna, ƙwarya a cinya.

Allah ya ji ƙanta. A wurinta na koyi kada in yi saurin raina kuskuren mai ƙaunata. Ni na san wutar ba ta kisa. Ita ta ɗauka tana kisa, kuma ta shiga gabana.