Yatsan da Na Yi wa Wanka

Ba yabon kai ba, a zamaninmu babu majemin da hannunsa ya yi suna kamar nawa a Sakkwato. Ko makaho ya shafa jar fatar akuya a kasuwa, zai ce daga hannuna ta fito. Har cewa nake yi a ɗauki hoton babban yatsana a manna a ƙofar gari, baƙi su san inda suka shigo.

Da kuɗin mai suka zo aka raba filaye a Runjin Sambo, na samu ɗaya. Lokacin ajami kawai na iya, sai na dangwala yatsa a takarda. Na gina ɗaki uku, na dasa dogon yaro a tsakar gida, aka haifa mini 'ya'ya biyar a wurin.

Soja na kan mulki, sai wani mai tumbi ya zo da tasa takardar. Ya ce filin nasa ne, dangwalen da ke tawa kuma na bogi ne. Akawun ofishin filaye, wani dattijo mai tabarau, ya ce in kwantar da hankalina. Wai akwai inji a Legas da ke ɗaukar hoton zanen yatsa, ya ƙara masa girma, ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya ya gwada da na tsohuwar takarda. In dawo ran Litinin in sake dangwalawa.

Na dubi yatsan. Shekara talatin cikin toka da bagaruwa, ya yi baƙi, ya yi kanta. Na ce wannan ba zai je Legas ya kunyata ni ba. Na ɗauko dutsen goge kaushin maiɗakina.

"Malam, mi kaka yi?" in ji ta.

"Wanka nika yi mashi, birni za shi."

"Ka bar shi yadda Allah ya yi shi."

"Ke dai miƙo man shanu."

Kwana uku ina gurza, irin kankarar da nake yi wa fata, kuma kun san ba na aikin ha'inci. Ya fito sumul kamar ƙwai.

Ran Litinin na dangwala. Wani baƙin tabo ya fito, kamar miyar kuka ta ɗiga. Sau bakwai akawu yana sa ni in sake, sannan ya sa takardar a ambulan.

Bayan wata huɗu amsa ta dawo. Lokacin layukan yatsan sun fara tsirowa, na roƙi a sake, aka ce an rufe fayil, an ba mai tumbi filin. Yau mu bakwai muna ɗaki ɗaya a gidan wana a Dundaye. An sare dogon yaron. Maiɗakina ba ta taɓa tada maganar dutsen ba, kuma wallahi gara ta zage ni.

Ranar da na je jin amsar, na tambayi akawun, "Injin ya ce ba ni ba ne?"

Ya cire tabarau ya dube ni.

"A'a, Malam, bai kai nan ba. Cewa ya yi ba mutum a takardar."