Ranar da na yi wa kaina ta'aziyya a ofis

Shekara shida ina kan mataki na huɗu a wata ma'aikatar gwamnati a Minna, ina buga tafireta. Waɗanda na koya wa sa takarda a inji sun wuce ni, har suna aike na. Abin yana ci mini rai sosai.

Duk ƙarshen shekara ana raba mana fom ɗin duba ƙwazo, kuma da shi ake ƙarin girma. Akwai wani fili da za ka faɗi abin kirkin da ka yi. Ni kuwa a gidanmu na Limawa, wanda ya yabi kansa sai an yi mako ana yi masa dariya. Saboda haka kullum layi ɗaya nake bugawa, cewa na yi iya ƙoƙarina. Abokin aikina ɗan Sabon Gari har ƙarin takarda yake liƙawa, kuma ni nake buga masa!

A shekara ta bakwai na ce sai na shirya. Na roƙi matata ta lissafo mini halayena na gari. Ta yi ta tunani har shayina ya huce, sannan ta ce ba na zaɓen abinci.

Haka na shiga wurin shugaban sashenmu da filin a wofi. Dattijo ne ɗan ƙabilar Gbagyi, Kirista, ya daɗe yana zaman makoki da Hausawa. Ya juya fom ɗin gaba da baya.

"Malam, ku ba ku yabon mutum sai ya mutu," in ji shi. "To, ka mutu yau. Je ka buga abin da za a ce a ƙofar gidanka."

Na koma teburina ina gunaguni. Da na buga "marigayin", sai hannuna ya sake. Marigayin bai taɓa ɓatar da fayil ba. Ruwa ko rana, yakan riga masinja zuwa. Ya koya wa mutum biyar aiki. Kafin azahar na cika shafi biyu, har da neman a yafe masa. Shugaban ya soke "marigayi" duk inda ya gan shi, ya sa hannu.

Da yamma na karanta wa matata kwafina, wanda ba a soke komai ba, ina jiran ta yi dariya. Sai na ga tana share ido da bakin zane.

"Duk gaskiya ne, Malam," ta ce. "Ni ma ajiye su na yi sai ranar."

Takardar mataki na biyar ta fito bayan wata huɗu.