Fulawar Ƙofar Gidana da Ragon Maƙwabci

Shekara biyu cur muka yi ba ma ga-maciji da maƙwabcina, ga shi katanga ɗaya ce ta raba mu a Ƙofar Dundaye. Indararo ne sanadi. Ya ɗora bene, ya juyo bakin indararonsa yana tsiyaya a jikin katangata. Da na yi magana sai ya ce ruwan Allah ne, ba shi ya aiko shi ba. Daga ranar na ɗauke masa gaisuwa. Dillalin hatsi ne, mai ƙaton ciki da ƙaramar kunya, irin mutumin da zai taka ka ya tsaya jiran ka ba shi haƙuri. In sahu ya haɗa mu a masallaci kafaɗa kan taɓa kafaɗa, ana sallamewa kowa ya nemi takalminsa. Liman ya yi nasiha har ya gaji. A wajenmu in ana gaba, wanda ya fara buɗe baki shi ne ya faɗi, ni kuwa na ƙudurta ba ni zan faɗi ba.

Ina da wata fulawa a ƙofar gida, mai dogayen ganye sirara da fure ruwan hoda. Daga ofishin da na yi aiki na samo reshenta, wajen tsohon da ke ba shuke-shuke ruwa. Ranar da ya ba ni ya karya ganye ɗaya, ya nuna mini ruwa mai danƙo da ya fito. Ya ce, "Dangin tumfafiya ta, amma ta fi ta mugunta. Bisashe sun san tumfafiya, wagga ba su san ta ba. Kak ka bari ko akuya ta ci." Na shuka ta, ta girma har ta wuce tsayina. Zafin Sakkwato da ke ƙone komai bai taɓa sa ta yi yaushi ba, kuma ina alfahari da ita fiye da yadda ya kamaci dattijo.

Shekarar da nake magana, Babbar Sallah ta zo ruwa bai zauna ba. Harawa ta yi wuya, ɗanyen ganye kuwa sai wanda ya gani. Al'adar unguwa ce in mutum ya sassabe itacensa ya zube rassan a waje, mai dabba ya kwasa ba sai ya tambaya ba. Maƙwabcina yana da farin rago da ya yi wata goma yana kiwo don layya. Kullum da hantsi sai ya fito da shi ƙofar gida ya wanke shi da sabulu, yana ɗaga murya don masu wucewa su tanka. Ban taɓa tankawa ba, amma rago kam ya yi kyau.

Saura kwana huɗu Sallah na rage wa fulawata rassa, na tara su a gindinta da niyyar in kai bola in rana ta yi sanyi. Na shiga zaure na zauna. Sai ga shi ya fito. Ya dubi tulin ganyen, ya dubi hagu da dama kamar mai shirin sata, ya sunkuya da ƙyar ya rungumi rassan duka. Daga inda yake ba ya hango cikin zaure, ni kuwa ina ganinsa sarai.

Maganar ta zo har bakina. Kalma uku ce: kada ka ba. Amma sai na ji wai ni ne zan fara kiransa, bayan shekara biyu, a kan ganyen da ya ɗauka a ƙofar gidana ko sallama babu. Na ce a raina, rago ba wawa ba ne, zai shinshina ya bari. Ba zan ɓoye ba, har da ɗan daɗi na ji da na ga Alhaji guda yana tsintar sharata. Can anjima na jiyo ƙarar wuƙa ta bayan katanga, yana yayyanka ganyen, na san da dusa zai cuɗa shi. A lokacin ma da na leƙa da an tsira. Na tashi na shige cikin gida.

Washegari da safe na ji hayaniya. Kafin a kawo wuƙa rago ya riga ya mutu, ya zama mushe. Na tsaya a bakin ƙofa aka fito da shi a amalanke, ƙafafu a sama. Shekarar kasuwa ba ta yi wa Alhaji daɗi ba, bai samu ya maye gurbinsa ba. Na kwana uku ina shirya amsa. In ya zo da rigima zan ce wa ya aike shi? Wa ya ba shi? Har na matsu ya zo.

Ranar Sallah aka hura wutar tareni a layinmu, inda kowane gida kan soke ragonsa a sanda a jera su kewaye da wuta ɗaya. Ina gyara sandar nawa sai na ga mutane sun juyo suna kallon wajena. Na ɗago, ga shi tsaye a kaina, ya rame a wuya, hannunsa babu komai. Na miƙe na gyara tsayuwa.

Ya ce, "Malam, barka da Sallah."



Ya ci gaba da cewa, "Iccen ga na ƙohwar gidanka, dahi na. Shi yak kashe min rago. Na san ba ka sani ba. Na ga jikokinka suna wasa gindinai, suna tsinkar hure suna sawa baki. Don Allah ka sare shi."

Ya juya ya tafi, bai jira godiya ba. Mutane suka hau sa masa albarka, wani har da cewa ga wanda ya fi ƙarfin zuciyarsa. Shi ne ya fara magana, bisa lissafina shi ya faɗi, amma babu wanda ya dube shi da haka. Ban taɓa ƙin mutumin nan kamar ranar ba. Da ya zage ni da na san abin yi.

Da la'asar na ɗauki gatari na sare fulawar, na tone saiwar. Muna gaisawa yanzu, indararon yana nan yana cin katangata. Duk wanda ya tayar da zancen ragon, Alhaji kan ce, "Ai Malam bai sani ba." Ina zaune a wurin nake jinsa, kuma har yau ban gyara masa ba.