Rigar da Aka Juya Bai-bai

Yayata ta yi shekara ashirin da bakwai a ɗakin baya na wani shagon ɗinki. A gaban shagon akwai madubai uku, kujeru masu taushi da fanka. A baya kuwa, bayan wani labule mai ruwan toka, akwai benci, taga ɗaya mai kallon bangon maƙwabta, sai Yaya. Aikinta kalmasa bakin riga da hannu da ɗinke ramin maɓalli. In ta gama da riga, ko ka sa tabarau ba za ka ga zaren ba. Abin da ke ƙona mini rai ke nan, wai mutum ya ƙware har aikinsa ya daina ganuwa, shi ma a daina ganinsa.

Ni ƙaramin kanti gare ni, ina sayar da jarida da biro da littafin rubutu. A nan na san wata mujalla. Duk wata uku take fitowa, takardarta mai kauri, cike da tufafi da zane-zane da hirar mawaƙa. Da farko na raina ta, na ce karatun masu ƙoshi ne. Wata rana babu ciniki na buɗe, sai na ci karo da shafi shida a kan wani tsoho mai ɗinkin takalmi, har da hoton tsagaggen babban yatsansa. Na kuma lura a ƙarƙashin kowace riga suna rubuta wanda ya zana, wanda ya yanka, da wanda ya ɗinka. Tun daga nan nake ware wa Yaya guda ɗaya.

Bara uwar ɗakinta ta sayo sabon keke mai kalmasa riga cikin minti biyu. Ta ce wa Yaya daga ƙarshen wata ta ajiye allura ta koma guga.

“To ai guga ma aiki ne,” in ji Yaya.

“Guga? Ke? Bari in je in same ta!”

“Ki zauna, uwar faɗa. Ke dai bakinki ba ya hutu.”

Haka ta ce, amma kwana huɗu tana tura kwanon abinci gefe.

Saura mako guda wata ya ƙare, ’yar Yaya ta kira ni ta ce mamanta ta manta tabarau a gida. Na kulle kanti na kai mata. Ashe ranar ce masu mujallar za su zo ɗaukar hoton kayan shagon. Uwar ɗaki ta sha ado, ta gargaɗi na baya kada wanda ya leƙo. Ni ba ma’aikaciyarta ba ce, sai na nemi kujera mai taushi na baje.

Mata biyu suka zo, edita gajeriya riƙe da littafi, da wata doguwa rataye da kyamara. Uwar ɗaki ta shimfiɗa riguna biyu. Doguwar ba ta ko taɓa kyamara ba. Ta ɗauki ta farko ta juya ta bai-bai.

“A’a, ’yar nan, ai kin juya ta!”

“Haka muke yi, Anti. Ba ma ɗaukar riga sai mun ga cikinta.”

Ta farko aikin sabon keke ce. Ta bi bakinta da yatsa, ta ce ba laifi, ta ajiye. Sai ta juya ta biyu. Ta kai ta bakin ƙofa wajen haske, ta miƙa wa edita.

“Hannun wa ne wannan?” in ji edita.

“Yaranmu ne,” in ji uwar ɗaki.

Yara! Mace mai shekara hamsin da takwas! Ban san sanda na miƙe ba.

“Yarinyar tana bayan labulen can,” na ce, “jikokinta huɗu.”

Edita ta danne dariya. Ta ce a yi haƙuri, su ba sa buga riga babu sunan wanda ya ɗinka, kuma irin wannan suke so guda shida.

Yaya ta fito da guntayen zare a jikin zanenta. Tana wucewa ta mintsine ni a cinya, sai da na ga taurari. Suka nemi hotonta, ta ce fuskarta ba ta talla ba ce.

“To hannun fa, Mama?”

“Wannan hannun da duk ya yi kanta?”

“Shi muka zo nema.”

Aka ba ta ƙyalle da allura. Minti goma tana ɗinki, doguwar na durƙushe a gabanta tana ɗauka.

Washegari uwar ɗaki ta zube riguna shida a kan bencin, ba ta ce uffan a kan guga ba. Yaya ta ba ni labari da bakinta. Wai ta dubi rigunan ta ce, “Zan yi, ranki ya daɗe, amma ba a wannan duhun ba.” Shekara ashirin da bakwai, ranar ta fara neman wani abu. Kafin azahar an kai mata tebur kusa da ƙofar gaba.

Da mujallar ta fito, shafi biyu suka ba hannun Yaya, sunanta a ƙasa da manyan baƙaƙe, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Na duba sau uku, don na shirya zuwa ofishinsu in an samu. Guda ashirin na karɓo wa kantina, duk aka saye, ban mayar da ko ɗaya ba. Yanzu mata na shiga shagon su juya riga kafin su tambayi launi, uwar ɗaki kuma na gaya musu ita tun can ta san darajar aikin hannu. Ranar da ta faɗa a gabana na buɗe baki, Yaya ta ɗago ta harare ni ta saman tabarau, allura a hannu. Na rufe. Amma sai da na yi tsaki.